Yadda na koyi dokokin sukwash a wani kulob nan Maradi

Sukwash dai ba wasa ba ne da za ka ji ana gardamarsa a fada nan Maradi. A fada in ba maganar kokowa da wanda zai ɗauki takobi bana ba, to Barsa da Real ne, sai ko belot har dare ya raba. Ni kaina likita ne ya ce mani in rage tumbi in riƙa motsa jiki, sai wani abokina da muke layi ɗaya a babbar kasuwa ya ce in biyo shi wani kulob da yake zuwa bayan la'asar. Kulob ɗin ƙarami ne, na wani Alhaji ɗan kasuwa, akwai wurin ɗaga ƙarfe, akwai tebur na pin-pon, sai can baya wani ɗaki mai dogon rufi da babu taga ko ɗaya, shi ne na sukwash, wasan da mutum biyu ke buga ƴar ƙwallo jikin bango da raket. Mai kula da ɗakin wani dattijo ne da kowa ke ce ma Baba, ya yi zaman Kaduna shekara da shekaru, can ya koyi wasan, kuma har yanzu da furfurarsa in ya shiga da saurayi sai ya sa shi haki shi ko gumi bai yi sosai ba.

Tun kafin ya ba ni raket ƙafata ya fara dubawa. Ya ce ɗana, takalmin da ka taka rairayin Maradi da shi ba ya shiga nan, ka riƙo na wasa a leda in ka zo ƙofa ka canza, kuma kada ƙasansa ya zama baƙin roba don yana barin zane a katako. Wannan ba dokar Baba ba ce shi kaɗai, ko'ina ake sukwash haka ake yi. Amma nan ta hi ƙarfi, don tsakuwa guda in ta shiga tana iya sa mutum santsi ya tahi da ka.

Ɗakin tsawonsa mita 9 da santimita 75, faɗinsa mita 6 da santimita 40, Baba ya haddace waɗannan ƙwarai don ya ce shi ya tsaya kan magina lokacin da ake yi. Bango huɗu duk ana wasa da su. A bangon gaba akwai jajayen layuka uku. Na sama can mita 4 da santimita 57, shi ne iyaka, daga nan yana gangarowa ta bangon gefe biyu har ya iso bangon baya inda ya sauko mita 2 da santimita 13. Na tsakiya mita 1 da santimita 78, wannan lokacin sabis kaɗai yake aiki, wato bugun farko da ake buɗe kowane maki da shi, da an shiga wasa sai ka manta da shi. Na ƙasa kuma shi ne bakin kwano, wani faranti da aka lulluɓe gindin bangon da shi tsayin santimita 48, manyan ƴan wasa na duniya ana sauke masu shi zuwa 43. Amfanin kwanon ƙara, ƙwallo na taɓa shi za ka ji "kwaram" ko kana waje, ba sai an yi musu ba, ka faɗi wannan makin.

Abu guda da duk wanda ya saba kallon tenis ko balo zai sha mamaki: a sukwash layi waje ne. Ƙwallo ta taɓa jan layin sama ko da gefenta ne, ta hita. Ta shafi bakin kwano, ta mutu. A sabis ma in ta taɓa layin tsakiya ko layin ƙasa na katako, sabis ya lalace. Baba ya ce in ka riƙe wannan guda ɗaya ka rage rabin gardamar sababbin shiga.

Ƙwallon kuwa wata ƴar baƙar roba ce da iska ciki, faɗinta wajen santimita 4, nauyi bai kai giram 25 ba ko ya tsaya nan. Da ya miƙo mani na sake ta ƙasa sai ta yi dam ta kwanta, ko tashi ba ta yi ba, na ce Baba wannan ai ta huje. Ya yi dariya ya ce sanyi gare ta. Ashe sai an yi ta dukanta da bango iskar ciki ta ɗau zafi sannan ta fara tsalle, shi ya sa kafin kowane wasa ƴan wasan biyu ke ɗaukar ƴan mintuna suna buga ma juna, rabin lokacin kana dama rabi kana hagu. Akwai ɗigo jikinta mai nuna irinta. Mai shuɗin ɗigo ta hi tsalle, ita ake ba ɗan koyo, sai mai ja, sai mai rawaya ɗaya, sai mai rawaya biyu wadda ita ce ta gasar manya kuma ita ta hi kowace nawa. To amma nan Maradi ce. Watan Afrilu in zafi ya haye digiri 40, ɗaki ba taga, bantilater kawai ke kaɗa iska mai ɗumi, mai rawaya biyun ma tashi take har ƙugu. Lokacin hunturu da safe kuwa sai ka ga Baba ya sa ta ƙarƙashin takalmi yana murzawa ko ya cusa ta hammata kafin a fara. Kuma ba a samunta a shagunan kayan wasa da na sani, sai an ba masu zuwa Kano saƙo, don haka in ta fashe ran kowa ɓaci yake. A doka dai in ta fashe ana tsakar wasa sake wannan makin ake yi, a ɗumama sabuwa.

Sabis bai da wuya. Ana juya raket a ƙasa a ga wanda zai fara. Akwai akwati biyu da aka zana a katako, dama da hagu, kowane mita 1 da santimita 60 ta ko'ina. Ƙafarka ɗaya aƙalla ta kasance cikin akwatin ba ta taɓa layi ba lokacin da ka buga, ƙwallo ta tahi kai tsaye bangon gaba tsakanin layin tsakiya da na sama, ta dawo ta faɗa kwatar baya ta wancan gefen inda abokin wasanka ke jira. Shi kuma in ya so yana iya tare ta a iska tun ba ta sauka ba. Dama ɗaya gare ka, ba biyu ba irin na tenis, ka ɓata ka ba shi maki ka ba shi sabis. In kai ka ci makin sai ka koma ɗaya akwatin, haka za ka yi ta canzawa har ka faɗi, wanda sabis ya koma hannunsa kuma shi ke zaɓen akwatin da zai fara.

Daga nan ɗaya bayan ɗaya ne, ka buga in buga. Ƙwallo ba ta tsalle sau biyu a ƙasa, kuma duk bugun da ka yi tilas ta isa bangon gaba sama da kwano tun ba ta taɓa ƙasa ba, amma hanyar da za ta bi ba ruwan kowa, tana iya bin bangon gefe, tana iya ma bin bangon baya ta tsallake ɗakin duka ta je gaba. Ranar da na fara ganin Baba ya juya ma bangon gaba baya ya ɗaga ƙwallo ta bangon baya ta tahi a hankali ta sauka gaba, na zaci wasa yake da mu. Maki kuma duk wanda ya ci bugun nashi ne ko shi ya yi sabis ko ba shi ba. Zagaye ɗaya maki 11 ne, in an yi 10 da 10 sai wani ya ba da ratar 2, wanda ya fara cin zagaye uku cikin biyar shi ya ci wasa.

Duk wannan a zama ɗaya ana haddace shi. Inda aikin yake shi ne maganar kauce ma juna, abin da suke ce ma let da sitirok, nan na daɗe ban gane ba, kuma ina ganin nan wasan yake gaba ɗayansa.

Ka duba, a tenis da pin-pon akwai raga tsakaninku, kowa da hilinsa. Nan babu. Ku biyu ne cikin ɗaki guda, kowa na wurga raket, kowa na son tsayawa wuri ɗaya, tsakiyar ɗaki inda layukan ƙasa suka haɗu suka yi harafin T, don daga nan ne kowane lungu ke kusa. Baba ya ce zaman kishiyoyi ne a madafa ɗaya, ba ka son ɗan uwanka ya ci amma dole ka matsa mashi ya ɗora tukunyarsa. Doka ta ce da zarar ka buga, abu huɗu ne haƙƙin abokin wasanka a kanka: ka bar shi ya ga ƙwallo in ta dawo daga bango, ka ba shi hanya miƙe zuwa gare ta, ka ba shi wurin da zai ɗaga raket ya sauke ba tare da ya same ka ba, sannan ka bar mashi bangon gaba a buɗe ya buga duk inda ya so. In ka tauye ɗaya daga ciki shi kuma ya tsaya bai buga ba ya ce let, sai alƙali ya duba.

Hukuncin uku ne. In an ce let, an sake makin ba wanda ya ci, wannan in ka yi iya ƙoƙarinka na kaucewa amma duk da haka kun sarƙe, kuma da ba don kai ba da ya kai ga ƙwallon. In an ce sitirok, an ba shi makin kyauta, wannan in ba ka yi ƙoƙarin kaucewa ba, ko ka tsaya inda raket ɗinsa ba za ta iya wucewa ba, ko kana tsaye tsakanin ƙwallo da bangon gaba yadda da ya buga kai za ta sama. In kuma an ce babu let, to mai roƙon ne ya faɗi, wannan in da ma ba zai kai ga ƙwallon ba ko da ɗakin babu kowa, ko shi ne bai yi ƙoƙarin zuwa ba ya tsaya neman banza, ko taɓawar ƴar kaɗan ce da ba ta hana shi komi ba. Akwai ma wani abu, in ka ji an tare ka amma ka daure ka buga ƙwallo ta faɗa kwano, ba ka dawowa ka ce let, ka riga ka yarda.

A baki ka ji kamar an gama. Ban gane ba sai wata ranar Asabar da na zauna sama wajen ƴar barandar da ake leƙen ɗakin, ina kallon abokina da wani malamin lise suna wasa, Baba na kusa da ni yana alƙalanci. An kai 9 da 9. Malamin ya buga wata ƙwallo da ya so ta bi jikin bangon dama, sai ta ƙi, ta dawo tsakiya daidai inda shi kansa yake tsaye, ya yi tsalle gefe amma ina, abokina ya riga ya ɗaga raket bayansa sai ya tsaya cak ya ce let. Baba ya ce sitirok. Malam ya ɗago kai ya ce haba Baba, ai na kauce, kowa ya ga na kauce. Baba ya ce Malam ka yi niyya amma ba ka hita ba, da yaron nan ya saki hannu da yanzu muna neman kabu-kabu a kai ka asibiti, kai ka buga ƙwallo mara kyau ta dawo maka, kai za ka biya. Malam ya yi ƙwafa ya goge tafin hannunsa a bango, wai gumi. Bugun da ya biyo baya sai abin ya juya, Malam ya sauke wata ƴar ƙwallo can lungun gaba na hagu ta kwanta dab da kwano, abokina yana can baya ya taho da gudu ya dafa bayan Malam ya ce let. Baba ko kallonsa bai yi ba ya ce babu let. Ya ce mashi ko da moto aka ba ka ba ka kai wa ga waccan, bayan mutum ka nema ba ƙwallo ba.

Nan na fahimci tambayar da alƙali ke yi ma kansa ba wai an taɓa ko ba a taɓa ba ce. Yana tambaya ne da babu wancan a wurin, mi zai faru? Zai kai? In ya kai bugun kirki zai yi? Shi kuma wancan ya yi ƙoƙarin ba da hanya ko ko ya laɓe ne? Kuma dokar an gina ta yadda tsayawa ta hi bugawa riba in akwai haɗari, wanda ya janye hannu don kada ya ji ma ɗan uwansa ba ya asara. Wannan ya burge ni ƙwarai, don raket a fuska ba wasa ba ce, ƙwallon kuma girmanta daidai ramin ido, shi ya sa ƴan ƙasa da shekara 19 a gasa tilas su sa tabarau na kariya, haka ma masu wasan biyu-biyu. Baba ya ajiye guda biyu a jakarsa, duk yaron da ya zo sai ya sa, ko ya hita.

In ƙwallo ta sami mutum ma akwai hukuncinta daban. Ka buga ta nufi bangon gaba kai tsaye ta sami abokin wasanka, makinka ne. In da bangon gefe za ta fara bi, yawanci let ne. In ta dawo daga bangon gaba ta same ka kai da ka buga, ka faɗi. Sai wata guda da ake ce ma juyawa, ita ce ƙwallo ta wuce ka ta wannan gefen ta bi lungun baya ta hito ta wancan gefen kai kuma ka bi ta ka juya, to a lokacin ba ka san inda ɗan uwanka yake ba, in ka buga ta same shi shi ake ba makin ba kai ba. Abin da ake so ka tsaya ka ce let. Na ga shaidar wannan a cinyar wani matashi, wani zagayayyen tabo ja tsakiyarsa fari gefensa ya yi shuɗi-shuɗi, ya ce ya kwana biyu ba ya iya zama kan moto da daɗi.

Wani lokaci in kuran ya ɗauke ɗakin ya yi duhu ƙirin, muna zaune waje ana jiran a tada gurup, sai Baba ya ɓalle da labari. Wasan daga Ingila ya taso, wata makaranta Harrow kusa da Landan, cikin ƙarni na 19. Amma gwarzonsa shi Jahangir Khan ne na Pakistan wanda ya ci wasa 555 a jere daga 1981 zuwa 1986 ba wanda ya kada shi, Baba in yana faɗin wannan har miƙewa yake. Samari kuma sai su ce Baba zamani ya wuce, yanzu Misirawa ke riƙe da abin, su ciro portabul su nuna mashi su Ali Farag da Mostafa Asal da Nour El Sherbini, da ɗakin gilashi da ake kafawa gaban dalar Giza ana wasa da dare. Amr Shabana ne Bamisire na farko da ya ci kofin duniya a 2003. Kuma an sa sukwash cikin wasannin Olamfik na Los Angeles a 2028, karo na farko ke nan. Ni abin da na ƙaru da shi a bidiyon nan shi ne ƙafafunsu, kana gani mutum na bugawa yana zamewa baya zuwa T ta hanyar da ba za su yi karo ba, kuma duk da haka su ma sai ka ga sun juyo suna musu da alƙali har a koma duba bidiyo. To ina ga mu.

Akwai gardama guda da har yau ba ta mutu ba a kulob ɗin, ta lissafi. Baba da tsararrakinsa biyu sun tashi da tsohon lissafi na maki 9, inda ba ka samun maki sai in kai ke da sabis, in ka ci bugu ba kai ke sabis ba sabis ɗin kawai ka karɓo, in kuma an yi 8 da 8 wanda ba shi ke da sabis ba ya zaɓa a tsaya 9 ko a kai 10. Suna cewa shi ne na maza don wanda aka bari baya yana iya farfaɗowa. Ni dai na 11 ya hi mani, ɗaki ɗaya ne mutane na layi ga magariba na matsowa, da tsohon lissafi mutum biyu sai su cinye yammacin kowa suna 3 da 3. Matsayar da aka yi ita ce tsofaffin su yi nasu da safiyar Lahadi, sauran ranaku 11.

Yanzu in Baba ya tahi alwala ni yake bar ma lissafi, ya ce ɗana ka fara faɗin makin mai sabis sannan na ɗayan, kuma ka ɗaga murya ɗakin na amsa kuwwa. Kwano da layin sama da tsalle biyu duk ina yanke su ba shakka. In aka ce let kuwa ina faɗin abin da na gani, amma in Alhaji mai kulob ne ke ciki da kansa, wallahi cewa nake ku dakata Baba na zuwa.